Wa Ya Raɗa Wa Fasa-Ƙwauri Suna?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin marubutanmu, musamman waɗanda boko ya ɗan ratsa, wai Hausa ba ta da kalmomin zamani. In ka tambayi mutum dalilin da ya sa kowane shafi na littafinsa yake cike da Turanci, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ba laifinsa ba ne, harshen ne bai kai ba. A ɗaya gefen kuma ga waɗansu malamai da masu gyaran rubutu da suka ɗaura ɗamarar tsaron harshen, waɗanda su a wurinsu kalma ba ta zama Hausa sai ta fito daga zauren taron jami'a, ko an ji ta cikin labaran rediyo, ko an gan ta a ƙamus. Waɗannan ɓangarori biyu kullum cikin sa-in-sa suke, har mai kallo ya ɗauka abokan gaba ne. Ni kuwa a ganina uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukkansu sun yi imani sabuwar kalma daga sama take saukowa. Bambancin kawai shi ne na farko yana jiran ta daga Landan, na biyu kuma daga Zariya ko Kano. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko wa ya raɗa wa fasa-ƙwauri suna.

Amsar wannan tambaya ba ta cikin ɗakin karatu. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana marubuta su ɗan ajiye alƙalami mu nufi inda ƙasar ta ƙare, wato Illo.

Ga wanda bai sani ba, Illo tana cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a tsallaken kogin Neja wanda mutanen wurin suke kira Kwara, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Tsohon gari ne mai dangantaka da ƙasar Bargu, kuma yana cikin wuraren da Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kansu, har sai da suka zauna a Faris ranar 14 ga Yuni, 1898, suka ja layi. A cikin yarjejeniyar ma an ambaci Giris, mashigin jiragen ruwan Illo, aka ce iyaka za ta taɓa kogi mil 10 sama da shi. Daga wannan rana ɗan'uwa ya zama na Ingilishi, ɗan'uwansa kuma na Faransi. A wannan yanki akwai Busawa, da Kyangawa, da Dandawa, da Zabarmawa, da Fulani, da Hausawa, kuma Hausa ce harshen da ake ciniki da shi, ake faɗa da shi, ake shiryawa da shi. Kyangawa ma mafi yawansu sun bar harshen kakanninsu sun rungumi Hausa ko Dandanci. A riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Abu na farko da kunne zai tsinta a irin wannan wuri shi ne Hausa ƙofa biyu gare ta. Ta wannan gefe mai kakin da yake tare kaya sunansa kwastan. In ka tsallaka Madekali ko Malanbil, ko ka haye gada zuwa Gaya ta Nijar, sunansa duwan. Nan ɗan sanda, can jandarma. Nan yaro ya tafi makarantar boko, can ya tafi lakwal. Babbar motar da muke kira roka ko tirela, can kamyo ce. Kuɗi ma haka: a can sefa biyar ita ce dala, sefa 1,000 kuma jikka, alhali a nan jaka tana nufin fam 100, wanda ya koma naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Ɗan kasuwar da yake sayen albasa a Malanbil ya kawo ta Lolo bai taɓa rikicewa ba. Ya san dalar da ake nufi da jakar da ake nufi, kuma babu wata hukuma da ta zaunar da shi ta koya masa. Shi kansa sunan Malanbil harɗaɗɗiyar kalma ce ta Faransanci: sunan Malan, wani gwamnan Dahomey na zamanin mulkin mallaka, aka liƙa wa kalmarsu ta birni.

Ga wani misali mai ɗaci amma mai koyarwa. Tun zamanin Turawa muna da kalmar kurtu, jam'inta kurata, wato sabon ɗauka a aikin soja, kuma daga Ingilishi muka are ta. A watan Nuwamba na 2024, da aka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, duk ƙasar ta koyi sunan Lakurawa, wanda masu bincike suka danganta da kalmar Faransanci mai wannan ma'ana ta sabon ɗauka. In haka ne, kalma ɗaya ce ta shigo gidanmu sau biyu, sau ɗaya ta ƙofar Ikko, sau ɗaya ta ƙofar Yamai. A karo na biyu Bahaushe ya haɗiye ta da ɗan harafin da Faransawa suke sa wa suna a goshi, kamar yadda ya yi a lakwal, kuma kamar yadda kakanninsa suka haɗiye alif da lam na Larabci a alƙali, da alƙalami, da albasa, da lahira. Sannan ya liƙa mata wutsiyar da ke jikin Kabawa da Gobirawa. To, wane kwamiti ne ya zauna ya yanke wannan?

Yanzu bari mu leƙa gidan Ingilishin da ake yi mana gori da shi, mu ga yadda shi yake haihuwar kalmominsa. Babbar hanyarsa ita ce harɗantawa: ya ɗauko suna ya jingina da wani suna, ba tare da wani mahaɗi a tsakani ba, kuma uban tafiyar shi ne yake zuwa ƙarshe. Inda mu za mu ce hanyar dogo, su dogo-hanya suke cewa. Inda za mu ce shugaban malamai, su kai-malami suke cewa. Mu kuwa uban tafiya ne a gaba, sai mu ɗaure shi da abin da ke bayansa da ɗan harafin nan na -n ko -r: jirgin sama, gidan waya, gadar sama, gidan sauro. Wannan bambanci ne na gini, ba na daraja ba. Amma ga abin lura. Waɗancan kalmomi biyu da na fassara, ai muna da su a bakinmu: reluwe da hedimasta. Haka hedikwata, da sukudireba, da hankici, da baro, da samfefa, da tankifa. Kowace ɗaya daga cikinsu a gidan ubanta kalma biyu ce ko fiye, Bature yana jin ta yana ganin hoton da ke ciki. Da ta iso wurinmu sai ta zama dunƙule guda, kurma, ba ta nuna komai sai abin da take nufi. Ba laifi ba ne, haka aro yake a kowane harshe. Amma marubucin da yake cika shafinsa da irin waɗannan, yana ganin ya kawo mana haske, ya sani ɓawon ya kawo, ƙwayar ta tsaya a can.

Kuma kada a manta shi Ingilishin ma maroƙi ne. Talabijin rabinta Girkanci ne rabinta Latin. Tarho Girkanci ne. Helikwafta wani Bafaranshe ne ya ƙera ta daga Girkanci a 1861, Ingilishi ya are ta kamar yadda muka ara. Bahaushe kuwa ya kalli abin, ya ga yadda yake sauka ba gudu ba shimfiɗa, ya ce jirgi mai saukar ungulu. Ina so a gaya mini wanda ya fi wani fasaha a nan.

Akwai wata dabarar Ingilishi ta yanke kan wannan kalma a haɗa da gindin waccan. Mu a Kebbi mun gan ta a jikin buhu, sa'ad da jihohin Legas da Kebbi suka fitar da shinkafar haɗin gwiwa a Disamba 2016, aka ciri gaɓar farko ta sunan kowace jiha aka yi wa shinkafar suna. Haka aka yi Kannywood a mujallar Tauraruwa a 1999. Hausa ba ta cika son wannan dabara ba, in ban da 'yan kaɗan irin Ingausa, wadda ita ma don ba'a aka yi ta. A kasuwa dai shinkafa ko 'yar gida ce, ko 'yar waje, ko 'yar gwamnati.

Inda Hausa ta yi wa Ingilishi fintinkau shi ne a harɗa aikatau da abin da aikin ya faɗa wa. Ingilishi yana da 'yan tsiraru irin wannan, tsofaffi, kamar sunan da yake kiran ɗan sane da shi, wanda ma'anarsa tsinci-aljihu, da na karin kumallo, wanda ma'anarsa karya-azumi, da na mutum-mutumin gona, wato tsorata-hankaka. Amma wannan rijiya tasa ta kusa ƙafewa, da wuya a yau ka ji ya haifi sabuwa a kan wannan ƙira. Tamu kuwa har gobe tana ɓuɓɓuga. Hana-salla. Dafa-duka. Kashe-wando. Ci-rani. Ƙare-dangi. Kama-karya. A-kori-kura. Ka-fi-zabo. Malam-buɗe-littafi. Wani lokaci jimla ce sukutum, da mai aiki da aikin da umurni, aka naɗe ta aka mai da ita suna. Kuma kunnen Bahaushe yana bambancewa ko da bai taɓa shiga aji ba: in ka ce ruwa ya hana salla, muryarka tana tashi a gaɓar farko ta hana, in kuwa hular kake nufi, gaɓoɓin biyu duk ƙasa suke kwantawa. Mustapha Ahmad ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan harɗantawa a Hausa a Jami'ar Indiana a 1994, Joseph McIntyre, wanda ya koyar da Hausa a Jami'ar Hamburg, ya fitar da littafi guda a kan irin waɗannan masu aikatau a 2006, Paul Newman kuma ya ba su babi a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. Mutanen ƙetare suna rubuta littattafai a kan abin da marubucinmu yake cewa babu shi!

Mu koma kan fasa-ƙwauri. A duba kalmar da kyau. Ba ta ambaci doka ba, ba ta ambaci haraji ba, ba ta ambaci iyaka ba. Ƙwauri ta ambata, ƙashin ƙafar talaka. Duk wanda ya raɗa ta ya san abin da ake nufi da bin daji cikin dare da kaya a ka, a bar hanyar mota a bi ta ƙaya da kututture. Mun ari sumoga daga Ingilishi, tana nan ana amfani da ita, amma ba ta kori fasa-ƙwauri ba, domin sumoga suna ce kawai, ita kuwa fasa-ƙwauri suna ce da labari a ciki. Abin dariya kuma shi ne, da gidajen rediyo da jaridu suka so su ba hukumar kwastan suna na mutunci da Hausa, ba su sami wanda ya fi Hukumar Hana Fasa-Ƙwauri ba. Wato hukumar gwamnatin tarayya, da kakinta da tutarta, a kan kalmar waɗanda take kora take zaune.

Iyakar nan ba ta daina haihuwa ba. Motar da ta sauka a tashar jiragen ruwan Benin aka shigo da ita, sunanta 'yar Kwatano, har sunan ya tashi daga kan mota ya koma kan duk wani abu na hannu da ya fito daga waje. Mai sayar da fetur a galan a bakin titi ɗan bumburutu ne. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, sannan a Nuwamba na shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen irin su Illo da Lolo da Tsamiya ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu, kuma ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Duk mai son ya rubuta labarin waɗannan watanni, in har gaskiya yake so, dole ya rubuta shi da kalmomin da mutanen suka sha wahalar da su. Ba zai same su a ƙamus ba.

A nan ne rigimata da ɓangare na biyu take. Na ga rubutun wani matashi ɗan yankin Bagudo bayan ya dawo daga hannun wani mai gyara, ja-wur da jan biro kamar an yanka kaza a kai. Labarin wasu 'yan kwale-kwale ne masu tsallaka da kaya. Duk inda ɗan wasansa ya ce duwan, an soke an sa jami'in kwastan, alhali mutumin yana tsaye ne a ƙasar Benin inda babu wanda ake kira kwastan. Duk inda tsohuwa ta ce wanga ko ɗiyata ko tahi, an mayar da ita Bakanuwa. Dala an mayar da ita naira, lissafin labarin duk ya rushe. A gefen shafi kuma an rubuta masa wai ya riƙa amfani da daidaitacciyar Hausa. Kaico! Yaron da wataƙila kakansa ya bar Kyanganci ya kama Hausa, yau shi ake gaya wa Hausar tasa ma ba ta isa shiga littafi ba. To ina ake so ya nufa? In ya gaji ya koma rubutu da Ingilishi, mu ne za mu fara zaginsa da cewa ya raina harshensa.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ban ce a yi watsi da daidaitacciyar Hausa ba. An sha wahala kafin a same ta, tun daga ƙa'idojin Ɗan Hausa na 1912, zuwa aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, da Hukumar Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980. Ba don ita ba da ɗan Maraɗi da ɗan Bauchi ba su karanta jarida ɗaya ba. Amma abin da aka daidaita shi ne yadda za a rubuta: ina za a sa ƙugiya, ina za a raba kalma, ina za a haɗa. Babu taron da ya yanke cewa an rufe ƙofar kalmomi, an ba Kanawa mabuɗi. Mai ba da labari ya yi bayaninsa da daidaitacciyar Hausa, wannan daidai ne. Amma ɗan wasan da ke cikin labarin a bar shi ya yi magana da bakin da Allah ya ba shi.

Za a ce ai mai karatu a Kano ba zai gane duwan ba. Wannan hujja ta fi kowace rauni. Mai karatun nan da ya gane hedikwata da kwamfuta da fasfo ba tare da an yi masa tafsiri ba, shi ne kalmar ɗan'uwansa Bahaushe za ta gagara? Jimla ɗaya ta ishe shi: mutum ya tsaya a shinge, mai kaki ya buɗe buhu, an kira shi duwan, magana ta ƙare. Kuma tun yaushe Hausar yamma ta zama baƙuwa a adabi? Da ita aka rubuta waƙoƙin masu jihadi a Sakkwato da Gwandu. Da ita Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗanƙwairo suka yi waƙa, kuma ban taɓa jin Bakanon da ya mayar da kaset ya ce a ba shi kuɗinsa don bai gane ba. Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda duk mai nazari ya san gwanintarsa wajen sarrafa kalma da ƙera sabuwa, haifaffen Jega ne. Bugu da ƙari, tun Maris 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wanda ke nufin Hausar da ke cewa lakwal da duwan za ta ƙara yawa a takarda, ko mun so ko mun ƙi.

Za a kuma ce kalmar titi ba ta da ladabi. Akwai gaskiya a nan, ba zan ɓoye ba. Ƙaramar wayar nan mai tocila da samari suka raɗa wa raka-ni-kashi ba sunan da za a karanta a gaban sarki ba ne. Kabari-kusa da aka riƙa kiran ciwon ƙanjamau da shi ya cutar da marasa lafiya, ya sa da yawa suka ɓoye kansu, kuma ya kyautu a bar shi ya mutu. Titi yana haifar nagari yana haifar mugu. Amma aikin marubuci ke nan, ya zaɓa. Wanda bai saurara ba me zai zaɓa?

Hujja ta uku ita ce mai nauyi: ilimin kimiyya da shari'a da nahawu suna bukatar keɓaɓɓun kalmomi, kuma waɗannan ba za a tsince su a tasha ba. Na yarda. Amma a duba waɗanda suka rayu daga cikin abin da masana suka ƙera. A cikin kalmomin nazarin harshe, irin waɗanda aka tattara a littafin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, waɗanne ne ɗalibi yake ji sau ɗaya su zauna masa? Ɗafa-goshi, ɗafa-ciki, ɗafa-ƙeya. Me ya sa? Domin an zuba su a kwamin hana-salla da dafa-duka, aikatau da karɓau, da hoto a ciki. Haka ma'aikatan sassan Hausa na gidajen rediyo, tun daga BBC da ta fara a 1957. Ranar da suka yi tunani da Hausa sun bar mana dukiya. Ba su ce yaƙin sanyi ba, suka ce yaƙin cacar baka. Ba su ce baƙar kasuwa ba, suka ce kasuwar bayan fage. Ƙasar da ta hana ƙuduri wucewa a Majalisar Ɗinkin Duniya ta hau kujerar na-ƙi. Ma'aikatan da suka ƙi fita aiki sun yi yajin aiki, aka ɗauko yajin matar aure aka kai shi ma'aikata, kuma duk wanda ya taɓa zuwa biko ya san sai an lallasa, sai an yi alkawari. Gwamnatin riƙon ƙwarya, zaɓen fid da gwani, ƙuri'ar raba gardama, saƙon kar-ta-kwana. Ko wane ne ya fara furta kowace ɗaya daga cikinsu, kunnensa yana kasuwa lokacin da bakinsa yake gaban makirfo.

Ranar da aka yi tunani da Ingilishi kuwa, sai a haifi abin da ba ya tashi. Gwamnati ta fitar da farar takarda: wace takarda ce ba fara ba? Kowa yanzu yana taka rawa, har malamin da ya yi wa'azi an ce ya taka muhimmiyar rawa, ba a ko jin kunya. A ƙarshen rana, in ji wani marubuci, yana nufin daga ƙarshe, mai karatu kuwa yana can yana jiran magariba. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi shekaru ana tura ta kamar motar da batirinta ya mutu, yaro ya ce kwamfuta ya wuce abinsa. Yanar gizo kuwa ta sami wurin zama kusa da intanet, domin kowa ya taɓa ganin saƙar gizo a kusurwar ɗaki. Hayaƙi mai sa hawaye fassara ce mai tsabta, ba ta da aibu, amma wanda aka taɓa watsa wa shi barkonon tsohuwa yake cewa.

Jama'a ma ba sa jiran izini kafin su ƙwace kalma daga hannun hukuma. A Daidaita Sahu sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, wadda ta yi mulki daga 2003 zuwa 2011. Gwamnatin ta wuce, sunan ya sauka a kan babur mai ƙafa uku ya zauna daram. Ta-zarce ta yi tashe a 1998 lokacin Janar Sani Abacha, ta tsallaka iyaka ba fasfo, ta sake tashi a Nijar a 2009 lokacin Shugaba Tandja Mamadou, har jaridun Faransanci suka riƙa rubuta ta da irin nasu haruffa. Takunkumi na bakin dabba ne, sai ga shi a 2020 ya hau fuskar kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan aiki na saurare an taɓa yin sa, kuma baƙo ne ya yi. G. P. Bargery, wanda ƙamusunsa ya fito a 1934 da kalmomi kimanin 39,000, ya yi shekaru yana yawo ƙasar Hausa yana tambaya, kuma in kalma ta Sakkwato ce ko ta Katsina ko ta wani yanki sai ya sa mata alama ya bar ta a ciki. Bai soke ta ba. Yau shekara 90 da ɗoriya ke nan. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, aiki ne babba, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi. Amma ƙamus bayan harshe yake bi, kamar mai kalar gona bayan masu girbi, kuma ba zai tsinci abin da marubuta ba su zubar a takarda ba. In mai gyara ya soke kalma don ba ta cikin ƙamus, mai ƙamus kuma ya bar ta don bai gan ta a littafi ba, to ta wace ƙofa za ta shiga?

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba shi da tsada. Marubutanmu na Kebbi, musamman na Bagudo da Kamba da Yawuri, kowa ya sayi ɗan littafin aljihu. A shiga kasuwa, a zauna a tasha, a je bakin Kwara wurin Sarkawa da masu fito, a tsaya wurin masu casar shinkafa da 'yan canjin sefa. Duk kalmar da kunne bai saba da ita ba a rubuta ta, da garin da aka ji ta, da shekarar, da jimlar da ta fito a ciki, da sana'ar wanda ya faɗe ta. In ta Dandanci ce ko Busanci ko Kyanganci da ta shigo Hausa, a rubuta haka, don waɗannan sun fi saurin ɓacewa. Wannan mujalla kuma ta ware ko da rabin shafi a kowace fitowa ta buga su, domin na Kano ya ga na Illo, na Illo ya ga na Gumel. Sannan, wanda ya fi duka, a sa su a bakin mutanen cikin labari.

Su kuma masu jan biro, ba na so su zauna ba aiki. Ga aiki nan jibge yana jiran su. Har yau ba mu da tsayayyar al'ada a kan karan ɗori a harɗaɗɗun kalmomi, ko da yake littattafan ƙa'idojin rubutu sun yi magana a kansa. A jarida ɗaya, wani lokaci a shafi ɗaya, za ka ga fasa ƙwauri a rabe, ka ga fasa-ƙwauri da kara, ka ga fasaƙwauri a haɗe, sannan a kanun labarin ƙugiyar ma ta faɗi. Ci gaba da ci-gaba da cigaba kullum suna kokawa a rubutun manyanmu, alhali ɗaya aiki ne ɗaya suna ne, kuma an ci gaba da aiki daban yake da an sami ci-gaba. Wanda ya gyara rubutun yaron Bagudo ya soke duwan sau bakwai, amma a shafi na uku ya bar a kori kura a rabe ba kara ko ɗaya, har mai karatu ya ɗauka dabba ce ta shigo gari ake neman masu sanduna.